Ƙanƙara a Ƙafar Kalubu

Yayana Beko yana iya shiga tsakanin ingarmu biyu suna cizon juna ya raba su, ko gezau ba zai yi ba. Amma miƙa masa kofin ruwan sanyi, sai ka ga ya ja da baya yana salati. Duk mu mutanen garin Bima muna tsoron sanyi, ban cire kaina ba. Ni da nake sayar wa masunta ƙanƙara a bakin teku, ba na yarda in yi wanka in rana ta yi sanyi. Sai dai nasa tsoron ya fi na kowa, kuma yana da dalilinsa. Matarsa Lamu ruwan sama ne ya dake ta a hanyar dawowa daga gonar gishiri, ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. A asibiti suka ce cizon sauro ne. Beko ya ce su riƙe sauronsu, shi ya san sanyi ne ya shige ta.

Bayan rasuwarta abu biyu suka rage masa, 'yarsa Wahda da dokinsa Kalubu. Wahda ta tafi birnin Mataram ta karanto likitancin dabbobi, ta dawo ta yi aure a cikin gari, sai doki ya gaje gidan. Kalubu ɗan ƙarami ne irin dawakinmu, launin toka, mai taurin kai irin na mai shi. Gidajenmu na katako ne da ake ɗorawa a kan ginshiƙai, shi kuwa a ƙarƙashin gidan yake kwana tsakanin ginshiƙan, daidai saitin inda Beko ke shimfiɗa tabarmarsa a sama, don ko tari ya yi ya ji. Ƙwai da zuma da kofi yake ba shi kafin sukuwa, abin da ni ƙanwarsa ban taɓa samu daga hannunsa ba ko da ina jego. Kullum da yamma kuwa sai ya dafa ruwa da citta da kanumfari, ya yi masa wanka da zafinsa yana matsa masa jiki. Haka mahaifinmu ya yi wa dawakinsa, haka kowane mai doki yake yi a garin nan.

A sukuwar bayan girbi abin ya faru. Kalubu na gaba, ya sha kwanar ƙarshe, sai muka ga ya yi tuntuɓe ba tare da ya taka komai ba. Bai faɗi ba. Ya tsaya cak ya ɗaga ƙafar gaba ta hagu, sauran dawakin suka wuce shi. Kafin a kawo shi gida a bayan mota, bayan ƙafar daga gwiwa zuwa kofato ya kumbura sumtum, in ka taɓa zafi rau.

Wahda ta zo a kan babur ɗinta, ta durƙusa a cikin dusa da kayan aikinta, ta daɗe tana bin ƙafar da yatsu.

"Jijiya ce, Baba. Ba ta tsinke ba, amma ta yage."

"To, Likita," in ji shi, don haka yake kiranta in yana son ya rage mata tsawo, "sai a ɗora tukunya."

"Ba tukunya. Zafi ne ya yi yawa a ciki, shi ke cin jijiyar. Sanyi take so. Ruwan ƙanƙara da gishiri, ya tsaya a ciki har gwiwa, da safe da kuma bayan azahar, kullum."

Beko ya dube ta, ya dube ni, kamar ni na kitsa mata don in sayar da hajata. "Ƙanƙara? Kifi ne shi?"

"A ƙasashen da tekunsu ke da sanyi, cikin teku suke tsayar da dokin da ya ji ciwo. Namu tekun ɗumi gare shi, ba zai yi ba, sai mun haɗa da kanmu. Sanyin ya kashe zafin, gishirin ya zuƙe kumburin."

"Abin da aka koya miki ke nan a Mataram? Ki jiƙa doki kamar wanki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta, ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. In zafin nan bai fita ba, ƙafar ba za ta ƙara ɗaukarsa ba. Zai jingina a kan ɗayar har ita ma ta lalace. Doki ba ya rayuwa a kwance, ka fi ni sani. Daga nan sai wuƙa."

Ya sani kuwa. Mu duka mun sani, don washegari da sassafe sai ga Daeng Sikki ya zo dubiya. Daeng Sikki shi ke sayen dawakin da suka gama aiki, ya loda su a jirgin ruwa zuwa garin Jeneponto, inda ake dafa su a yi romo. Ba mugun mutum ba ne, mai fara'a ne ma, har ayaba ya kawo. Amma duk gaisuwar da yake yi, idonsa na kan cinyar Kalubu.

"Sannu da jinya, Baban Wahda. Ni dubiya kawai ta kawo ni, wallahi."

"Ka duba, ka gani. Hanya na nan inda ka bar ta."

"Af, ko kofi babu?"

"Na doki ne."

Zuwan nan na Daeng Sikki shi ya sa Beko ya yarda. Bai ce ya yarda ba, cewa ya yi, "Ku yi abin da za ku yi, ba da hannuna ba." Wahda ta sa magini ya yi ɗan tafki na siminti a bayan gida, dogo, siriri, mai gangara a baki ɗaya. Dangin Lamu suka aiko da buhunan gishiri daga gonarsu. Ƙanƙara kuwa tawa ce, ina kawo ta a keke mai ƙafa uku, lulluɓe da ƙaiƙayin shinkafa, in farfasa ta da ƙugiyata a bakin tafkin.

Shigar da Kalubu ruwan nan aiki ne ja. Duk rayuwarsa Beko kaɗai yake bi, in ya ga bayansa ko cikin wuta zai shiga. To Beko ya hau matakalar gida ya zauna ya juya mana baya, yana busa taba kamar ba a gidansa ake yi ba. Sai Wahda ta ja ragama, ni da masunta biyu mu tura ta baya, an rufe masa ido da tsohon zani. In ya shiga sai ya yi ta karkarwa yana huci, can kuma sai ya lafa, ya sauke kai, wani lokaci har gyangyaɗi yake yi. Yakan tsaya kamar tsawon huɗubar Juma'a in liman bai ja ba. Da an fito da shi ƙafar ta yi sanyi, kumburin ya sauka har kana ganin shatin jijiyar. Wahda ta kira ubanta ya zo ya gani, shi kuwa ya ce daga nan ma yana gani.

Amma kullum da safe sai mu tarar kumburin ya dawo, da zafinsa, wata rana ma ya fi na jiya. Wahda ta ƙara gishiri. Ta ce in ƙara ƙanƙara, na ƙara har masunta suka fara yi mini ƙorafi kifinsu na wari. Ta buga wa tsohon malaminta waya, ya ce abin da take yi daidai ne, ta ci gaba. Makonni suka shige a haka. Dokin ya rame, ya fara jin nauyi a ƙafar dama, kuma kullum gardamarsa a bakin tafkin ƙaruwa take yi. Yarinyar nan ita ma ta rame. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don na san ba dokin kaɗai take jinya ba, so take ubanta ya ga abin da ta karanto ya yi masa rana sau ɗaya.

Wata Alhamis bayan azahar, muna kwashe ragowar ƙanƙara, ta ce mini ba tare da ta ɗago ba, "Gwaggo, na kasa."

"Kul, kar in ƙara ji."

"Na kasa, Gwaggo Doji. Dubi yadda yake tsayuwa. Ba zan ci gaba da wahalar da shi don in nuna na iya ba." Ta wuce gindin matakala ta gaya wa ubanta za ta kira Daeng Sikki ya zo gobe bayan Juma'a, tun dokin yana iya hawa mota da ƙafarsa. Beko na zaune a kan matakalar. Taba ta ƙone har yatsansa bai sani ba.

Na koma rumfata, sai bayan la'asar na lura na baro ƙugiyata a bakin tafki, ga jiragen masunta na yamma sun kusa shigowa. Na juya ina mita. Tun daga kan hanya nake jin ƙamshin citta, amma ban kawo komai ba, don a wannan lokacin duk unguwar masu dawaki haka take ƙamshi. Sai da na zagayo bayan gida na ga hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashinsa.

Yayana ne durƙushe a gaban Kalubu, tukunya na tafasa a gefensa. Yana tsoma tsumma a ruwan, ya matse da hannunsa da ya yi jawur, ya naɗe ƙafar, ya bi ta da babban yatsa yana murzawa da ƙarfi. Magana yake yi masa ƙasa-ƙasa. "Yi haƙuri, ɗan gidana. Bari in fitar maka da shi. Sun cika ka da sanyi, ko? Bari ya fita." Shi kuwa dokin ya ɗora haɓarsa a kan kafaɗar mai shi, ya lumshe ido.

Na tsaya ban san ko in yi kuka ko in ɗauki itace ba. Bakina ya riga ni yanke shawara.

"La'ilaha illallahu! Yaya! Ashe kai ne!"

Ya zabura har ya kusa kifar da tukunyar. "Ke, rage murya."

"Ba zan rage ba! Tun yaushe?"

"Tun ranar farko." Ya ma faɗa da ƙarfin hali. "Ita ta yi nata, ni in yi nawa. Na hana ta? Ta zuba masa sanyi da rana, ni in cire masa kafin dare, kar ya kwana da shi a jiki."

"Kai ka san me kake cirewa? Maganin kake cirewa! Yarinya na kashe wuta kana bin bayanta kana hurawa. Ga ta can ta tafi tana kuka wai ita ce ba ta iya ba, ashe tsohon banza ne a gindin gida da tukunyarsa!"

"Doji, ni yayanki ne."

"Shi ya sa ban kwaɗa maka ƙugiyar nan ba."

Ya zauna daɓas a cikin dusa, tsumman na hannunsa yana ɗiga. Da ya sake magana muryarsa ta canza. "Ranar da Lamu ta shigo a jiƙe, ina nan ina wa wannan wanka. Ta ce tana jin sanyi. Na ce ta jira in gama in ɗora mata ruwa. Kafin in gama ta yi barci da jiƙaƙƙen gashi." Ya share fuska da bayan hannu. "Ba zan ƙara barin wani nawa ya kwana da sanyi ba, Doji. Ba zan iya ba."

Shekara da shekaru muna tare bai taɓa gaya mini wannan ba. Na durƙusa na janye itacen daga ƙarƙashin tukunyar, na zauna kusa da shi har aka kira magariba. Da zan tafi na ce masa, "Gobe ka gaya mata da bakinka. In ka ƙi, ni zan faɗa, kuma ka san nawa bakin ba ya da murfi."

Washegari bayan an sauko Juma'a, Daeng Sikki ya iso da motarsa, an riga an jingina katakon hawa a bayanta. Maƙwabta suka taru kamar yadda ake taruwa in za a fitar da gawa. Na zo da ƙanƙarata duk da ba wanda ya ce in kawo, na farfasa na zuba, na juye gishiri. Wahda ta kwance Kalubu daga turke, idonta a kumbure. Beko ya shigo da sabon zaninsa na masallaci, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, da baƙar hularsa, ya tsaya a gabanta.

"Wahda." Bai ce Likita ba. "Kafin ki ba da shi, ji wannan. Kullum in kin tafi ina gasa masa ƙafar da ruwan citta. Ina murzawa."

Ta kalle shi kamar da wani yare ya yi maganar. "Kullum?"

"Kullum."

Sai ta zauna a ƙasa, a gaban mutane, ragamar na hannunta. "Baba, ni fa na ɗauka ni ce. Na ɗauka duk karatun nan banza na yi." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya kansa a ƙasa yana murza gefen zaninsa.

"Yanzu in an daina, zai warke?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Da tun farko ne da na ce maka e. Yanzu an ɓata da yawa, ban sani ba."

Daeng Sikki ya yi gyaran murya. Yau babu wasa a fuskarsa. "Baban Wahda, ba don in matsa ba. Jirgi gobe zai tashi. In na tafi ba tare da shi ba, ranar da za ku sake nemana wataƙila sai dai a ja shi a ƙasa. Na sha gani, ba kyan gani."

"Na ji," in ji Beko. Ya dubi 'yarsa. "A gwada."

Ta tashi ta ja ragama zuwa bakin tafkin, masunta suka zagaya baya. Amma Kalubu ya ga mota, ya ga taro, ya ji warin dawakin da suka riga shi hawa katakon nan. Da kofatonsa ya taɓa gangaren sai ya yi haniniya ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya dira da dukkan nauyinsa a kan mai ciwon. Wani nishi ya yi da na ji shi har cikin hanjina.

"Ku bari! Ku sake shi!" Wahda ta daka tsawa. Ta durƙusa ta taɓa ƙafar, ta ɗago. "In ya ƙara yin haka sau ɗaya, ta tsinke. Ba za a ƙara tura shi ba. In bai shiga da kansa ba, Baba, sai dai motar."

Ƙanƙara na ta ƙara a cikin ruwan tana tsagewa.

Beko ya cire hularsa ya miƙo mini. Ya cire takalma, ya jera su a gefe daidai wa daida kamar a ƙofar masallaci. Ya tattare sabon zanin ya soke a ƙugu, ƙafafunsa sirara suka fito, ban taɓa lura sun tsufa haka ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Doji, in na taɓa yi miki laifi ki yafe mini."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya. Na juya na watsa masa kallon da ya haɗiye sauran. Ni na san yayana ba wasa yake yi ba. Har cikin ransa ya gaskata in ya shiga ruwan nan abin da ya ɗauke Lamu zai ɗauke shi.

"Na yafe," na ce. "Shiga."

Ya karɓi ragamar daga hannun 'yarsa, bai ja ba, ya bar ta sako-sako. Ya yi bismillah ya taka gangaren. Da ruwan ya kai idon sawunsa sai da ya ja numfashi da ƙarfi, bakinsa a buɗe. Ya ƙara taku, ya kai ƙwauri, ya wuce gwiwa, gutsattsarin ƙanƙara na bugun cinyarsa. Bai waiwayo ba. Ya yi 'yar ƙarar nan da harshe da yake yi in za su fita da safe.

Kalubu ya miƙa wuya ya shinshina ruwan. Ya dubi bayan mai shi. Ya ɗaga mai ciwon a hankali ya sa, ya biyo da ɗayar, ya gangara har hancinsa ya taɓa tsakanin kafaɗun Beko. Nan ya tsaya.

Daeng Sikki ya daɗe yana kallo, sannan ya tura katakonsa cikin mota da kansa. "In an gama ku ba tsohon nan kofi," ya ce, "ko da na dokin ne."

Kalubu ya rayu. Bai ƙara sukuwa ba, kuma har yau in ka lura da tafiyarsa za ka ga ɗan ɗingishi, amma a kan ƙafafunsa huɗu yake. Sai da aka shafe watanni, kuma babu ranar da ya shiga ruwan nan ba tare da Beko a gabansa ba. Mura kuwa ta kama yayana tun a makon farko, na kankare masa baya da kwabo da mai har ya yi ja, yadda muke yi wa mai mura, yana atishawa yana cewa, "Ba na gaya muku ba?" Washegari ya koma ciki.

Amma a ranar nan ba wanda ya san haka za ta kasance. Abin da muka sani kawai, tsoho na tsaye cikin ƙanƙara, leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa na haɗuwa har muna ji daga waje. Wahda ta durƙusa a bakin tafkin tana share hawaye da gefen mayafinta.

"Baba, ya isa, fito haka. Ya riga ya shiga, zai tsaya."

Ya girgiza kai. Ya sunkuya ya tura hannunsa cikin ruwan, ya shafa bayan ƙafar dokin, ya daɗe yana ji. Sannan ya ɗago ya neme ni da ido, maganar na fita da ƙyar saboda karkarwa.

"Doji, ƙaro ƙanƙara. Ruwan ya fara ɗumi."